Rigunan audugar da na gwada a hunturun bana

Shekara shida ke nan ina fama da soriyasis, ciwon fatar da 'yan unguwarmu suka dage sai sun kira shi kirci. Ba shi ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga jikin wani. Likitan fata ya ce mini garkuwar jiki ce ke sa fata sabuntawa cikin kwana 3 zuwa 4, maimakon kusan wata guda, sai ta taru ta yi farin ɓawo a gwiwar hannu da ƙeya. Da iskar Disamba ta kaɗo, abin sai ya tashi.

Bara na yi wauta, na saka suwaita ta ulu a kan fata kai tsaye. Ɗumi kam akwai, amma kafin Keke Napep ya kai ni Kawo daga Tudun Wada na fara susa kamar mai ƙazuwa. Inda wuyan suwaitar ke gogata kuwa, nan sabon tabo ya fito. Ashe haka ciwon yake, wurin da aka goge ko aka karce yakan bi.

Bana sai na shiga Kasuwar Barci a nan Kaduna na zaɓo riguna uku masu dogon hannu, fara da baƙa da ruwan toka, auduga zalla. Mai gwanjon ya ce, "Alhaji, kai takardar wuya kake karantawa, ba kyau kake dubawa ba?" Na wanke su sau biyu da sabulun da ba ƙamshi, na yanke takardar wuyan, kuma a birkice nake saka su don kada ɗinki ya taɓa ni. Su ne a ciki, kaftani a kai, suwaita daga waje, in cire ta da hantsi kafin gumi ya zo, don shi ma yana tayar da ƙaiƙayi.

Susa ta ragu sosai, har barci nake da ɗaya.

Sai dai su kaɗai ba sa maganin sanyin asuba. Suna kuma shan man kaɗanya da bazalin ɗin da nake shafawa, hannun farar ya yi jirwaye har uwargida ta haƙura da shi. Baƙar ce ta fi ba ni haushi: duk ɓawon da ya zuba sai ya fito raɗau a kanta kamar an barbaɗa gari. Ruwan tokar ta fi rufa asiri, irinta zan ƙaro biyu ranar Asabar.