Kapso mai kyamara ko tiyo mai balan-balan, wanne ya dace da Baba?

Wa alaikumus salam Yaya, na ga tambayarki. Kin ce Baba na bayan gida baƙi kamar kwalta, an ƙara mishi jini leda biyu a Gusau, an zura kyamara ta baki an zura ta ƙasa ba a ga komi ba, yanzu likita ya ce sai an duba ƙaramin hanji, ko da kapson da ake haɗiyewa ko da tiyo mai balan-balan, kina son sanin wanne yafi.

Ki fara gane abinda ya sa ba a ga komi ba, don kar ku ce likitocin ne ba su iya ba. Ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6 kuma a naɗe yake, kyamarar baki iyakarta tumbi da farkon hanjin, ta ƙasa kuma babban hanji take bi ta ɗan leƙa wutsiyar ƙaramin, tsakiyar nan duk ba wadda ke kaiwa. Nan ne jinin kan ɓuya.

Kapson bai fi babban ƙwayar magani ba sosai, tsawonshi wajen milimita 26, a Isra'ila anka ƙera shi, an fara amfani da shi 2001. Baba zai kwana bai ci komi ba, da safe ya haɗiye da ruwa, a ɗaura mishi wata ƴar na'ura a ƙugu, shikenan ya ci gaba da harkarshi. Yana tafiya yana ɗaukar hoto dubbai na awa 8 ko fiye, daga baya ya fita ta bayan gida, ba a sake amfani da shi. Ba allurar barci ba zafi, ga tsoho da jininshi ya yi ƙasa wanga ba ƙaramin sauƙi bane. Amma fa gani kawai yake, baya tsaida jini baya gutsuro nama a kai gwaji, kuma likita baya iya juya shi ya ce tsaya in sake duba nan.

Tiyon kuwa wani likita ɗan Japan mai suna Yamamoto ya fito da shi, shima 2001. Tsawonshi mita 2 ne kawai, to ya za ai ya bi hanji mita 6? Kin san yadda ake zura mazagi a wando, ki tura ki tattaro ƙyallen baya ki sake turawa, to haka ake yi, balan-balan biyu gare shi, guda ya kumbura ya riƙe hanjin a jawo shi ya tattaru, ɗayan ya ƙara gaba. Shi wanga yana aiki da hannu, in ya ga ƴar jijiyar da ke tsiyaya sai a ƙone ta nan take, a cire tsiro, a buɗa wurin da ya tsuke, a gutsuro nama. Sai dai dole a sa barci, yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, sau da yawa zama guda baya gama hanjin sai an bi ta baki wata rana ta ƙasa, kuma duk da ba kasafai ba yana iya huda hanji.

Ni a ganina a fara da kapso, ya nuna inda ciwon yake, sannan mai tiyo ya san ta baki zai shiga ko ta ƙasa. Sai dai in Baba na kumburin ciki da murɗa da amai bayan cin abinci, ko an taɓa mishi tiyatar hanji irin ta taifot, ko ana zargin tibin hanji, dan Allah ku faɗi ma likita kafin ya haɗiye komi, don kapson na iya maƙalewa inda ya tsuke, kuma in ya maƙale tiyon nan ko tiyata ce za ta ciro shi. In haka ne, sikanin ciki ake fara yi. Kuma ba a shiga MRI, na'urar hoton nan mai maganaɗisu, sai an tabbata kapson ya fita.

Abinda yafi damuna ma ba na'urar bace. Tsofaffinmu da ke noma kullum sai sun aika kemis a haɗo masu maganin ciwon jiki, diclofenac da ibuprofen da su piroxicam, wasu ma ba komi a cikinsu suke sha, wallahi waɗannan suna cin hanji su yi gyambo. Ki bincika aljihun Baba da ƙarƙashin matashin kanshi, duk abinda kinka samu ki kai ma likita har da na gargajiya. In yana shan maganin ƙarin jini shima ki faɗa, yana baƙanta bayan gida kuma ana dakatar da shi kwanaki kafin kapso. A duba tsutsar ciki ma, gwajin ba tsada.

Kafin ku kama hanyar Sakkwato ko Zariya ko Kano, likitanku ya kira can ya tabbatar akwai kayan da mai yi, ku ji kuɗin duka biyun tun yanzu tunda kapson na iya kai ku ga tiyon. In kuwa jiri ya kama shi ko jini ya zubo ja ko ya suma, kar ku jira ranar da anka ba ku, ku wuce asibiti ko cikin dare ne. Allah ya ba Baba lafiya.