Bayanan fagen daga da na hangen nesa: ina suka rabu?

Malam, ka tambaya ko bayanan sirrin da soja ke aiki da su a daji da waɗanda ake kai wa shugaban ƙasa a Yamai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ko da yake sau tari baki ɗaya ke kawo su.

Na fagen daga ba su kwana. Makiyayi ya ga ayarin babura sun sha ruwa a rijiya da asuba sun yi gabas. In labarin ya kai kunnen kwamanda kafin hantsi ya yi rana, in ya kai gobe ya zama tatsuniya. Abin da ake nema shi ne su wa, su nawa, ina, yaushe.

Na hangen nesa kuwa "me ya sa" suke bi, da "ina aka dosa". Me ke tura matashi ɗaukar bindiga? Ta ina man baburan nan ke shiga, wa ke sayen shanun sata, wane rikicin burtali aka bari yana ruruwa? Da amsoshin nan ake yanke inda za a girke soja, kason tsaro a kasafin kuɗi, da wanda za a yi ƙawance da shi. Hukumar leƙen asiri ta DGDSE na cikin masu tattaro su a ƙasarmu Nijar.

Dubi Libiya. An kashe Gaddafi a Oktoban 2011, makamai suka gangaro kudu. Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, Maris aka yi juyin mulki a Bamako, Afrilu na kamawa Kidal da Gao da Tumbutu sun faɗi. A ganina harin Tiliya na jihar Tawa a Maris 2021, inda aka kashe mutum 137, daga rikicin Libiyan nan ya samo tushe. Jiragen Amurka marasa matuƙi da suka zauna Agadas har 2024 suna hango babur daga sama, amma ba su jin hirar kasuwar dabbobi.

Shi ya sa na fi ba na hangen nesa nauyi, ko da yake su suka fi sauƙin gurɓata. Kuskuren fagen daga nan take ake ganinsa. Na hangen nesa sai an yi shekaru, musamman in masu rahoto sun gane abin da maigida ke son ji. A 2003 Amurka ta afka wa Iraƙi bisa rahoton makaman ƙare-dangi, aka bincike ƙasar ba a samu tarin makaman da aka ce akwai ba.