Tayar hunturu ta Blizzak a kan rim mai inci 17: abin da na gani bayan hunturu biyu a Winnipeg, Kanada

Da na sayi akori-kurata, Ford F-150 ƙirar 2017, ta hannu, abin da ya fara ɗaukar mini ido shi ne rim ɗinta masu inci 20. Tayoyin 275/55R20 ne, irin waɗanda ake cewa na kowane yanayi. Na ce a raina, mota mai ja da ƙafa huɗu, me ƙanƙara za ta yi mata? Wata safiya a Disamba, a kan titin Pembina, danja ta ba da ja, na taka birki tun daga nesa. Birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuwa sai sulɓewa take kamar an ɗora ta a kan sabulu. Sai da hancinta ya shiga layin masu tsallaka titi sannan ta tsaya. Allah ya tsare, babu kowa a wurin. Tsani da bokitan fenti da ke baya duk sun kife. A ranar na gane cewa ja da ƙafa huɗu tashi yake taimaka wa, ba tsayawa ba.

Da yamma na je wani ƙaramin shagon taya a unguwarmu da niyyar in sayi na hunturu daidai girman nawa. Dattijon da ke wurin ya buɗe ƙofar direba, ya karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, ya ba ni shawarar in bar rim 20 don lokacin zafi, in sayi rim na ƙarfe masu inci 17 da taya 265/70R17. Na ji tsoron kada motar ta zauna ƙasa. Sai ya ɗauki fensir ya yi mini lissafi a bayan rasit. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma tsawon gefenta ne, kashi kaza cikin ɗari na faɗin. Idan aka haɗa da rim, tsohuwar tayata tana da tsayin milimita 810, sabuwar 803. Bambancin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba, birkin ABS, mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, shi ma ba zai rikice ba. Abin da rim ya rage, roba ta cike.

Wannan shawara ita ce ta fi mini komai amfani. Taya mai dogon gefe tana shanye duka, kuma duk wanda ya san titunan Winnipeg a Maris, sa'ad da ƙanƙara ta fara narkewa, ya san ramukan da nake nufi. Na faɗa wani rami a kan titin Portage wanda na tabbata da rim 20 ne da sai ya lanƙwashe. Ga kuma sauƙin kuɗi, domin tayar 17 ta fi ta 20 araha nesa ba kusa ba, rarar ta rage mini nauyin kuɗin rim ɗin. Ragin faɗin milimita 10 kacal ne, ba zan ce na ji shi a hannuna ba, ko da yake siririyar taya ta fi yanka dusar ƙanƙara.

Kafin ka bi sahuna, duba abu uku. Rim ɗin F-150 na wannan ƙirar noti shida ne a kan da'ira mai faɗin milimita 135, na wasu akori-kura noti shida ne amma tazarar daban, ba za su shiga ba. Inci 17 ya zauna ba tare da gugar birki ba saboda kamfanin ma yana fitar da motar da wannan girman, kada ka sauka ƙasa da haka. Sai lambar nauyi. Tawa 115 ce, wato kilo 1,215 kowace taya, ta ishe ni da kayan fenti. Mai jan tirela mai nauyi ya nemi taya mai alamar LT, wato wadda aka ƙarfafa don ɗaukar kaya masu nauyi.

Ita kanta tayar, Bridgestone Blizzak DM-V2 ce, mai tambarin dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, alamar tayar da ta ci gwajin tafiya a dusar ƙanƙara. Robar tayar yau da kullum tana fara taurarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. Wannan kuwa na danna ta da babban yatsa wata safiya da sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili, na ji tana da laushi. A mahaɗar tituna inda motoci suka goge ƙanƙara ta zama kamar gilashi, a nan ta burge ni. Ina taka birki sai in ji ta cafki ƙasa. A buɗaɗɗen titin Perimeter, inda iska ke kwaso dusar ƙanƙara tana shimfiɗawa a hanya, sitiyari ba ya rawa. Robarta ta musamman mai ƙananan ramuka, wadda ke kama ƙanƙara, tana saman zanen tayar ne, wajen rabin zurfinsa, shi ya sa ba na barin ta a mota idan gari ya ɗumama.

Ban sa tayoyi masu ƙusa ba, duk da dokar lardinmu, Manitoba, ta yarda da su daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. A gidajen mutane nake aiki, ba na so in karce musu simintin ƙofar gida. Hukumar inshorar motoci ta lardin, MPI, tana ba da rance har dalar Kanada 2,000 don sayen tayoyin hunturu, amma da ɗan ruwa a kai, shi ya sa na lallaɓa na biya da kuɗi hannu.

Inda shagon ya ɓata mini rai shi ne na'urorin auna iskar taya. Na biya kuɗin guda huɗu, aka sa, amma ba a haɗa su da kwamfutar motar ba. Fitilar gargaɗi ta kama a hanya, na koma na zauna awa biyu a layi don aikin minti goma. Rim ɗin ƙarfen ma gishirin da ake zubawa a titi ya fara cin gefensu tun hunturun farko, sai da na goge na fesa musu baƙin fenti.

Bayan akori-kura ba shi da nauyi, don haka ina ɗaure buhunan yashi huɗu daidai saman tayoyin baya. Iska kuma ina duba ta duk mako biyu, domin sanyi yana rage ta, in mayar da ita 35 a ma'aunin PSI kamar yadda takardar ƙofa ta ce. A tsakiyar Afrilu nake cire tayoyin da kaina, in rubuta wa kowace mazauninta da alli, in jera su a gareji inda rana ba ta kai wa. Bana da na auna zanen, na ga za su ƙara yi mini hunturu ɗaya, in sha Allahu.