Aikin nas na ci-rani a Amurka: wane kamfani za ki bi?

Salam 'yan uwa. Tun da na shiga wannan aikin nas na ci-rani, wato wanda za ki sa hannu da kamfanin da ke samar wa asibitoci ma'aikata a kwantiragin sati 13 ki je wani asibiti a wata jiha, in ya ƙare ki naɗe kayanki ki ƙara gaba, ba tambayar da ƙannena ke yi min kamar "Anti wane kamfani ya fi biya?" Ni kuma kullum sai in ce tambayar ma ba ta yi ba. Abin tambaya shi ne, ranar da asibiti ya ce yau ba ya buƙatarki, wa zai biya ki.

Bari in fara da yadda kuɗin yake tafiya don a nan ake yi wa mutane wayo. Asibiti ba ke yake biya ba, kamfani yake biya a kan kowace awa da kika yi, kamfanin ya yanki nasa, ragowar ya raba miki gida biyu. Akwai kuɗin awa wanda ake cire wa haraji, sai alawus na haya da abinci wanda ba a cirewa, shi kuma yana da iyakar da hukumar GSA ta gwamnatin tarayyar Amurka ta tsara wa kowane gari. Misali kawai, a ce an tallata miki dala 2,200 a sati, duti uku na awa 12, awa 36 ke nan. In kika buɗe ciki sai ki ga kuɗin awa dala 25 ne wato 900, sauran 1,300 alawus ne. To duk ranar da aka soke miki duti ɗaya, ba dala 300 kaɗai ta tafi ba, kamfanoni da yawa har alawus ɗin ranar suke zabtarewa, sai ki ga sama da 700 ta bi iska, mai gidan haya kuwa ba ruwansa.

Ni wannan ne ya ƙone ni. A 2022, lokacin da kuɗin da ake biyan nas a zamanin korona ya fara sauka, na karɓi wani aiki a Arizona ta wani kamfani da ba zan ambata ba, na biya hayar wata uku gaba ɗaya don mai gidan ta ce za ta rage min, na tuƙa mota kwana biyu. Sati na huɗu dillalina, wato ma'aikacin kamfanin da ke nemo min aiki, ya kira, muryarsa kamar mai ta'aziyya, wai asibiti ya rage farashi, ko in karɓi sabon ko kwantiragin ya ƙare ranar Juma'a. Na karɓa mana, ina zan je, kuɗina na hannun mai gida. Bayan haka suka dinga soke min duti kusan duk sati biyu wai marasa lafiya sun yi ƙaranci, na koma na buɗe takardar da na sa wa hannu sai ga shi ƙarara an rubuta asibiti na da damar yin hakan. Ban karanta ba, lambar da ke sama kawai na kalla. Kuma ba ni kaɗai ba ce, a shekarar nan nas-nas sun maka wasu manyan kamfanoni a kotu kan irin wannan rage kuɗi a tsakiyar kwantiragi.

Daga nan na sauya ma'auni, kuma shi ya kai ni ga waɗanda nake so, wato matsakaitan kamfanoni masu dillali guda da zai riƙe ki. Irin su Triage da Fusion da ke Omaha a Nebraska, garin nan ban san me ya sa ya zama matattarar wannan harka ba, har Medical Solutions ma can take duk da ita ta girma sosai, sai kuma TNAA ta Arkansas. Ni da ɗaya daga cikin irin waɗannan nake yanzu, kwantiragi na shida ke nan da dillaliya ɗaya, kuma wallahi ita ce rabin dalilin zamana. Matar nan kafin ta tura takarduna ko'ina sai ta turo min lissafin a rubuce, kuɗin awa nawa, alawus nawa, obataim nawa, ranar hutun ƙasa nawa, duti nawa asibiti zai iya sokewa ba tare da biya ba. In aikin ba shi da kyau sai ta ce min kar ki je, wancan sashen nas uku na tura duk sun dawo da kuka. Dillalin da zai hana ki aikin da shi zai ci la'ada a kai, ai kin samu mutum.

Da azumi ya matso na ce mata ina son dutin dare a jere, in yi ukuna in huta, kuma ranar Sallah ba na aiki, ba ta ce min "za mu duba" ba, sawa ta yi aka rubuta ranakun a cikin kwantiragin. Wannan ki riƙe shi da kyau, duk alkawarin da aka yi miki a waya ko manajan sashe ya yi lokacin intabiyu, in bai shiga takarda ba to babu shi. Maganar hijabi ma tun a intabiyu nake faɗa, musamman masu aikin tiyata, a gama magana tun kafin ki hau hanya. Kuma ta san ina son garin da zan samu masallaci da naman halal, shi ya sa da aikin Minneapolis ya fito ni ta fara kira, can ga 'yan Somaliya ko'ina, sai dai sanyin ba a magana. Aibin matsakaitan ɗaya ne, ayyukansu ba su kai na manya yawa ba, wani lokaci garin da kike so ba su da shi.

Su Aya da AMN su ne giwaye, ayyuka kamar ƙasa, wasu asibitocin ma ta hannunsu kaɗai ake shiga don su ke riƙe da tsarin ɗaukar ma'aikatan wucin gadi na asibitin, ki yi rajista da ɗaya don ranar buƙata. Trusted da Nomad na masu son yin komai a manhajar waya ne, ni kam ina son muryar mutum in abu ya kwaɓe ƙarfe biyun dare. Fastaff na aikin gaggawa ne, kuɗi da nauyi, awoyi da nauyi, ki shirya jaka cikin 'yan kwanaki, sai mai jini a jika. Vivian kuwa ba ita ke ɗaukarki ba, kasuwa ce da kamfanoni ke baza tallarsu, tana da amfani wajen ganin nawa wasu ke biya a asibiti ɗaya kafin ki yi ciniki, amma ki shirya wa kiran waya.

Ko wanne kika zaɓa ki tambaya ko inshorar lafiya tana farawa ranar farko ko sai an ci wata, da abin da ke faruwa da ita a tsakanin kwantiragi biyu in kin tafi gida hutu. Ki tambaya ko suna mayar da kuɗin lasisi da na sabunta BLS da ACLS, wato takardun shaidar horon ceton rai. Lasisin nan in jihar da kike zaune tana cikin yarjejeniyar lasisin haɗin gwiwa irin Texas, lasisi ɗaya zai kai ki jihohi kusan 40, amma California da New York da Minnesota sai kin nemi nasu daban. California tana da daɗin aiki don doka ta ƙayyade yawan marasa lafiya, biyu ga nas ɗaya a ICU, wato sashen kulawa ta musamman, biyar a sashen kwanciya na gama-gari, amma ki nemi lasisin da wuri. Ki duba ko kamfanin na da shaidar Joint Commission, ƙungiyar da ke tantance ingancin asibitoci da irin waɗannan kamfanoni. Sannan akwai tarar fashin duti, wasu in kika yi rashin lafiya ba ki je ba su ne ma za su caje ki, ki nemo wannan layin a takarda ki karanta sau biyu.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne, 'yan damfara. Na farko, kamfanin gaskiya ba ya karɓar ko sisi a hannunki don ya samo miki aiki, asibiti ke biyansa. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom ko na "ajiye gurbi" ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko katin kyauta, toshe shi. Suna ɗaukar tambarin manyan kamfanoni su buɗe shafi a Facebook, su ja ki zuwa WhatsApp ko Telegram, su nemi lambarki ta gwamnati ta Social Security da hoton lasisinki tun ba a yi maganar asibiti ba. Ki duba adireshin imel ɗin, in Gmail ne ki gudu, ki nemo lambar kamfanin da kanki ki kira ki tambaya ko suna da mai wannan sunan. Na biyu masu gidan haya na bogi, hotuna masu kyau, farashi mai sauƙi, mai gidan wai ya yi tafiya ki turo kafin alƙalami zai aiko makulli. Ko a shafin neman haya na Furnished Finder da yawancinmu ke amfani da shi ki sa a zagaya da ke gidan ta bidiyo kai tsaye, in ya ƙi to kin ga amsa. Ni yanzu otel nake kamawa satin farko, in ga gidan da idona, in ga asibitin bai soke ni ba, kuma wata-wata nake biya, an daina ɗaure ni da wata uku.

Na uku ya fi haɗari don dillalin gaske ne zai iya jefa ki, maganar haraji. Alawus ɗin nan ba kyauta ba ne, sharaɗinsa kina da gidanki na asali da kike ci gaba da kashe masa kuɗi, ga kuma hayar inda kika je aiki. Wani zai ce miki ai in nisan ya kai mil 50 shi ke nan, wannan ƙa'idar asibitoci ce da kamfanoni, ba ta hukumar haraji ta IRS ba. Wani ya ce ki sa adireshin yayarki kawai. Ranar da aka zo bincike ke za a tambaya ba shi ba. Kuma kar ki wuce shekara a gari ɗaya kina karɓar alawus ba haraji. Haka in aka matse kuɗin awa ya yi ƙasa sosai aka kumbura alawus, daɗinsa na sati ne, ranar da za ki nemi bashin gida banki kuɗin awar zai kalla.

Sai 'yan uwanmu da ke gida, Kano, Kaduna, Zariya, da ake yi wa tallar wai za a kai su Amurka aikin ci-rani kai tsaye. Ƙarya ce. Wannan aikin sai kina da izinin aiki a ƙasar, kin ci NCLEX, wato jarrabawar samun lasisin nas, kina da lasisin jiha, kuma yawanci kin yi shekara ɗaya zuwa biyu a sashenki, don kwana ɗaya ko biyu za a nuna miki wuri a sake ki da marasa lafiya. Kamfanonin da ke kawo nas daga waje irin su Avant da O'Grady Peyton wata harka ce daban, kwantiragin shekaru ne, kuma fita kafin lokaci da tara. Masu cewa za su sayar miki da sakamakon NCLEX ko takardar makaranta kuwa, ku tuna Janairun 2023 da aka bankaɗo takardun bogi sama da 7,600 daga wasu makarantun jinya a Florida, hukumomin jihohi suka bi masu su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda sun riga sun fara aiki.

Abin da nake yi yanzu, takarduna na kamfani uku, nawa na gida da giwa ɗaya da wani na ko-ta-kwana, amma kowanne na gaya masa kar ya tura sunana ko'ina sai na amsa a rubuce, don in kamfani biyu suka tura ki aiki ɗaya wasu asibitocin watsar da ke suke yi gaba ɗaya. Kwantiragina na yanzu saura sati uku, jiya dillaliyata ta turo min guda biyu, Houston da wani ƙaramin gari a Montana da ya fi da dala 400 a sati, na ce ta fara tambayo min duti nawa suke sokewa, da kuma inda masallaci mafi kusa yake.