Rasuwa a Ingila, takarda da kuɗi

Salam Yaya, ya gida ya su Inna da yara. Ka tambaya me ya sa in an yi rasuwa a nan Ingila sai a kwana biyu ba a kai mutum ba, alhali ku can kafin la'asar an gama. Wallahi ba sakaci ba ne, takardu ne. Likita zai rubuta sanadin mutuwa, tun Satumban 2024 kuma sai wani likitan daban ya sake dubawa, sannan ofishin rajista su ba da wata koriyar takarda, in babu ita ba a binnewa. In mutuwar fuju'a ce kuwa sai jami'in bincike ya saki gawar, wani sa'in har a ce za a yi mata fiɗa, shi ya sa 'yan uwa ke roƙon a yi sikanin kawai, wato a ɗauki hoton cikin gawar da na'ura, wasu wuraren kai za ka biya.

Masu shirya jana'iza a nan kamfanoni ne, da shagonsu da doguwar baƙar mota da ma'aikata cikin kwat. Tun 2021 dole su manna farashinsu a taga da intanet, wannan kam na yaba musu. Amma fa bakinsu da zaƙi, abin da suke kira kula da tsaftar mamaci ba wanka ba ne, sinadari ne ake ɗura wa gawa ta jijiya don kar ta lalace da wuri, gara ka ce ba ka so tun farko. Mafi arha a jerin nasu kuma ƙonawa ce, kusan mamata 8 cikin 10 ƙone su ake a ƙasar nan, Allah ya tsare.

Kabarin ma ba naka ba ne har abada, na shekaru ake yanka maka, 50 ko 75, maƙabartar kansil, wato ta ƙaramar hukuma, ba ta wuce shekara 100, kuɗin haƙa daban, in kuma mamacin ba mazaunin yankin ba ne a ninka sau biyu ko uku, a Landan magana ce ta dubban fam. Gara maƙabartar Musulmi irin Gardens of Peace da ke Hainault a gefen Landan, can da likkafani kawai ake sa mutum ba akwati.

Masallatai da yawa na da ɗakin wanka da motar gawa da asusun da ake zubi, na shiga na unguwarmu. Maganar a dawo da mutum gida kuwa, sai an ɗura sinadarin nan an rufe shi a akwati mai ƙarfe a ciki kafin jirgi ya ɗauka, don haka ka shaida wa Inna in ta Allah ta kasance a binne ni a nan kawai.