Sabuwar waya a hannun ɗan kasuwa: manhajojin da zan saka, da waɗanda ba zan bari su shiga ba

Ɗan yayata ya sayi waya ta hannu, Infinix, ya kawo mini ita shago a Babbar Kasuwar Katsina ya ce, "Kawu, mi da mi zan saka ciki?" Sana'ar huluna da turare yake shirin farawa. Da na karɓa na duba, sai na tarar mai tura waƙoƙin da ya fara biyawa wajensa ya riga ya ɗura masa manhajoji fiye da 40, rabinsu ko sunansu ban taɓa ji ba. Bayan La'asar muka zauna muna gogewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da na faɗa masa ranar shi nake rubutawa, don ba shi kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba.

Kafin manhaja ta shiga wayata sai na auna nauyinta, domin yawancinmu itel da Tecno da Infinix muke riƙewa, memori ba yawa. Sai cin data, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sai ko tana aiki in babu sabis. Mu nan ba ma buƙatar a tuna mana da wannan: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Amma tambayar da ta fi duk waɗannan a wurina ita ce daga ina manhajar ta fito, kuma zan dawo kanta da kyau.

In aka ce guda ɗaya tak zan zaɓa, WhatsApp Business zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Mutane da yawa sun ɗauka irin WhatsApp ɗin da kowa ya sani ce, an canza mata hoto kawai. Kamfani ɗaya ne ya yi su, ita wannan a 2018 aka fito da ita don masu ƙananan sana'o'i, kuma kyauta ce. Za ka iya ajiye su biyun a waya ɗaya matuƙar kowace da lambarta, ta gida daban ta kasuwa daban. Wannan kaɗai ya isa dalili, don saƙon kwastoma ba zai nutse a cikin hotunan biki da na suna ba.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne wurin jera kaya. Kamar kanta ce a cikin waya: ka ɗauki hoton shadda ko atamfa ko leshi, ka rubuta suna da farashi, ka jera, har kaya 500 tana ɗauka. A da in wata Hajiya daga Daura ta ce in turo mata abin da ya shigo, sai in kwashi hotuna talatin in tura, gobe wata daga Jibiya ta tambaya in sake kwasa, datata na ƙonewa tata na ƙonewa. Yanzu da kanta take shiga ta duba, ta zaɓi wanda ya yi mata ta turo mini shi. In kaya ya ƙare in cire shi, in farashi ya tashi in gyara wuri ɗaya.

Sai alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira. Na yi tawa guda huɗu: sabon kwastoma, ya biya, bai biya ba, kaya na hanya. Ranar da na kai saƙo tasha za a ba direban Mai'aduwa, sai in liƙa wa mai kayan alamar kaya na hanya, ba zan cire ba sai ya ce sun iso. Wanda ke bin mutane bashi ya san amfanin taɓa wuri ɗaya ka ga duk masu kuɗinka a jere. Ban jefar da littafin bashi ba, kuma ban ba kowa shawarar ya jefar ba, amma alamar ce ke tuna mini in buɗe littafin.

Akwai kuma amsar da ake ajiyewa. Lambar asusu, kwatancen shago, kuɗin mota zuwa Funtuwa ko Malumfashi, ka rubuta su sau ɗaya, duk wanda ya tambaya ka ɗauko ka tura, ba kuskuren lamba. Akwai saƙon da ke tafiya da kansa in an yi maka magana lokacin da ka rufe, nawa yana cewa na tafi masallaci ko na tashi, zan amsa in sha Allahu. Kwastoman da bai yi boko ba kuwa saƙon murya ya wadatar da shi, yawancin cinikina da mutanen Maraɗi da murya muke yinsa. Abu biyu kawai za ka kiyaye. Saƙon da ake watsa wa mutane da yawa lokaci ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Sannan ka shiga saiti ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, in ba haka ba zaurukan da aka tsunduma ka ciki za su cinye data da memori cikin mako guda.

Telegram tana da kyau wajen sauke tafsiri da littattafai, amma kwastomominka ba can suke ba. Messenger nauyi gare ta ga wayar talaka. Facebook Lite ta isa wajen talla. TikTok kuwa in ba bidiyon kayanka kake ɗorawa ba, data da lokaci kawai za ta ci maka.

A ɓangaren kuɗi, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koyi taransifa dole, har mai ƙosai. Sunayen da ke yawo su ne OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda. Biyun farko lasisin hada-hadar kuɗi ta waya suke da shi daga Babban Bankin Najeriya, biyun ƙarshe kuma lasisin ƙaramin banki. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga kariyar da take bayarwa a 2024: naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Wanda jarinsa ya haura haka kada ya tara shi wuri ɗaya. Ni shawarata ka riƙe biyu, ɗaya ta karɓar ciniki, ɗaya ta bankinka na asali inda kake kwashe kuɗin da yamma. Wasu daga cikin manhajojin nan suna da ɓangaren ajiya mai ba da ruwa, ka duba da kyau kafin ka taɓa, don mutum na iya shiga riba bai sani ba. Mai son kauce wa wannan gaba ɗaya ga Jaiz ga TAJBank, duka suna da manhaja.

Ƙananan kayan aiki ba sai na ja ba. Files by Google tana nuna maka tarkacen da suka cika waya ka share, na fi son ta a kan Xender. Gboard tana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, ka huta da rubuta "kasa" inda kake nufin "ƙasa". Google Translate ta san Hausa tun 2013, tana ɗan taimakawa in takarda ta zo da Faransanci daga Nijar, ko da yake Hausarta sai ka gyara. A Google Maps za ka iya sauke taswirar yanki ka ajiye ta yi aiki ba sabis. Manhajar Alƙur'ani ka zaɓi wadda ake sauke karatun sau ɗaya a saurara ba data, lokacin salla kuma ka gwada na manhaja da kiran masallacin unguwarku kafin ka dogara da shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa nake tambayar asalin kowace manhaja. Shekara biyu da suka wuce, ana saura kwanaki ƙaramar Salla, lokacin da kasuwar yadi ta fi ci, wani ya kira ni. Ya yi sallama, ya ambaci sunana, ya gaishe ni da Hausa mai kyau. Ya ce daga zauren 'yan kasuwarmu yake, za a yi taro ta waya da dare kan wani tallafi, za a turo mini lamba in karanta masa don a saka ni cikin mahalarta. Shago cike da mutane, ina auna yadi, saƙo ya shigo da lambobi shida, na karanta masa. Kafin in sallami wanda ke gabana an fitar da ni daga WhatsApp ɗina. Ya bi mutanena ɗaya bayan ɗaya da sunana da hotona, yana cewa asusuna ya samu matsala a tura kuɗi wani asusu, da safe zan mayar. Mutum uku suka tura, cikinsu har da wata dattijuwa da ta shekara goma tana sayen kaya wurina. Na biya su duka, amma har yau in na tuna muryarta tana cewa "Alhaji, ai don kai ne na tura", sai raina ya ɓaci.

Da na sake shiga da lambata aka fitar da shi, sai dai ya riga ya saka makulli na biyu, dole na jira kwana 7 kafin in samu shiga, a tsakiyar cinikin Salla. Makullin nan da ya saka, da ni na riga shi sakawa, da lambobin da na karanta masa ba su ishe shi ba. Yana cikin saiti, ɓangaren asusu, ana kiransa tabbatarwa mai mataki biyu: ka zaɓi lambobi shida naka na sirri, ka haɗa da imel. Minti biyu ne. Shi na fara saka wa ɗan yayata kafin komai. Kuma duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo, ta WhatsApp ce ko ta banki, babu wani mai gaskiya da zai kira ka ya ce ka karanta masa, ko ya ce daga banki yake, ko daga gwamnati, ko daga ƙungiya.

Cikin abin da muka goge a wayar yaron akwai WhatsApp na bogi har biyu, irin su GB ɗin nan da matasa ke so don ana ganin saƙon da aka goge. Ba sa Play Store, tura su ake yi daga waya zuwa waya, ba ka san wanda ya haɗa su ba balle abin da ya cusa ciki, kuma kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa yana rufe lambar da ke amfani da su. Mutumin da duk kwastomominsa ke kan lamba ɗaya, ina dalilin jefa ta cikin wannan haɗari? Duk manhajar da sai ka kashe tsaron waya kafin ta shiga, bar ta a waje. A Play Store ɗin ma ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar, don akan yi masu kama da na banki.

Manhajojin rance sun fi ba ni tsoro. Ban da ribar da ke ciki, wasu sukan kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka yi jinkiri su bi surukanka da limaminku da saƙo cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi yawa har Google ta hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane tun Mayun 2023, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista. Masu cutar sai suka koma turo linki ta saƙo. In ka ga manhajar tocila ko ta gyaran hoto tana neman izinin karanta saƙonninka, ka hana, ka goge ta.

Ga kuma masu ninka kuɗi. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamban 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma kullum salon ɗaya ne: a biya na farko da kuɗin na baya, a nuna maka lambobi suna hawa a fuskar waya, ka jawo ɗan'uwanka a ba ka kamasho. Haka linkin "data kyauta" da "tallafin gwamnati, cike sunanka da BVN". Sai alat na bogi, wanda ya fi shafar mu masu shago. Saƙon da ya shigo waya ba shaida ba ne, hoton rasit ɗin da kwastoma ya nuna maka ma ba shaida ba ne, duka ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga kuɗin sun hau kafin kaya su bar kanta. In ya ce sauri yake, ka ce masa "Yallaɓai, a yi haƙuri, ɗan zauna ka sha ruwa." Mai gaskiya zai zauna.

Truecaller tana ɗan taimakawa wajen nuna lambar da mutane da yawa suka yi ƙorafi a kanta, amma sunan da take nunawa ba hujja ba ne, mutum na iya saka wa kansa sunan da ya ga dama.

Abu na ƙarshe da muka yi kafin kiran Magariba shi ne kulle layin kansa. In an sace waya, sau da yawa layin ake nema, a cire shi a saka a wata waya a gwada lambobin banki. A saitin tsaro akwai wurin saka wa layi lambar sirri, ta yadda duk wayar da aka saka shi sai an buga ta. Sai dai in ka yi kuskure sau uku layin zai kulle, ba zai buɗe ba sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki. Na tambayi yaron ina katinsa, ya ce yana gida cikin akwatin mahaifiyarsa. Na ce to kada ya taɓa wurin nan tukuna, ya zo mini da katin gobe da safe mu ƙarasa.