WhatsApp ko Facebook: a ina za a faɗi ra'ayi?

Samarin fada a Damagaram sun sha yi mini wannan tambaya. WhatsApp ba ya cin kuɗi kamar Facebook, kuma saƙon murya na isa har ga wanda bai yi lakkwal ba. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke, ba mai iya buɗe su sai mai aikawa da wanda aka aika wa, amma kullen ba ya hana wani ɗan gurup tura muryarka gaba, abin da ya fi damuna ke nan. Facebook kuwa fili ne, rubutu na daɗewa. Dokar intanet ta Nijar ta 2019 ta hau kan duka biyun, a 2024 aka maido da ɗauri kan ɓata suna. Ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram mai hujja a hannu, Facebook ya dace da shi. Mai shawara da 'yan'uwa, WhatsApp ya ishe shi.